Kafin Ka Ɗaga Bulala, Tambayi Cikinsa

Wajen ƙarfe 11 na safe, a ajin 'yan firamare ɗaya, akwai yaron da ke fara rigima. Ya fizge fensirin na kusa da shi, a yi masa magana ya ɓare baki. Malam ya ce ba ya jin magana, a gida a ce taurin kai ya gado. Ba kasafai ake tambayar abin da ya karya da shi ba. Shin adalci ne a hukunta yaro kan halin da yunwa ta sa shi?

Ƙwaƙwalwar yaro mai shekara 5 tana cinye fiye da rabin ƙarfin da jikinsa ke ƙonawa a lokacin hutu, alhali ta babba kusan kashi 20 cikin 100 take ci. Ga shi cikinsa ƙarami ne, ba ya riƙe abinci ya daɗe. Idan sukarin jini ya yi ƙasa, jiki yakan saki sinadaran da ke sa mutum zafin rai da rashin natsuwa. Babba zai ce, "Ku ƙyale ni, yunwa nake ji." Yaro bai san sunan abin da ke damunsa ba, sai ya faɗe shi da kuka ko da duka.

Mu manya mun san wannan uzuri, har mukan ba kanmu. Malaman fiƙihu sun hana alƙali yanke hukunci yana cikin matsananciyar yunwa, kuma an koyar da mu cewa idan an ajiye abinci lokacin salla ya yi, a fara da abincin, don zuciya ta natsu. In har yunwa na iya karkatar da hankalin alƙali, me ya sa muke neman ɗan shekara 6 ya fi shi haƙuri? Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai kuma yunwar da ba ta kuka. Yaro zai ƙoshi da biskit da lemon kwalba, ko tuwo zalla da miyar da ba komai a cikinta, amma jikinsa na rasa sinadarin ƙarfe. Ƙarancin jini ya biyo baya, da kasala, da saurin fushi, da rashin riƙe karatu. Wanda tamowa ta kama kuwa sau da yawa shiru yake yi, ya daina wasa, ya rakuɓe a gefe. Sai mu yaba masa, mu ce yaron nan akwai natsuwa. Wannan shirun ya fi rigimar ban tsoro.

Wani zai ce in aka bi ta haka, tarbiyya ta lalace, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, ba kowace ƙiriniya ce yunwa ba, kuma ƙoshi ba ya koya wa yaro gaisuwa. Amma iccen da bai sha ruwa ba karyewa yake yi in an tanƙwara. A fara ciyarwa, sannan a tsawata. Abin da ya rage bayan ciki ya cika shi ne halin da za a gyara.

Ba ina ɗora laifi kan uwar da ta wayi gari tukunyarta a kife ba. Nauyin ya haɗa da maƙwabci, da dangi, da hukuma. Wake, gyaɗa, zogale, ɗan ƙwai in an samu, koko da ƙosai kafin a fita: abubuwan da muka sani ne tun kakanni.

Gobe idan ɗanka ko ɗalibarki suka tada rigima, a dakata da bulala tukuna. A tambaye su a hankali: me kuka ci yau?