Wa Ake Fara Zuba wa Tsoka?

Mun saba ɗora wa talauci laifin ƙarancin jini ga masu juna biyu. Da gaskiya a ciki, amma akwai namu kason. Jinin mai ciki yakan ƙaru domin ciyar da ɗan tayi, saboda haka ta fi kowa a gidan buƙatar sinadarin ƙarfe. To, wa ake fara zuba wa tsoka? Maigida, wanda ya riga ya biya ta wurin mai tsire. Ita kuwa kunya ta hana ta cewa jiri take ji, balle a cikin fari. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga kwanika, ga zaman jiran izinin zuwa awo, inda ake ba da ƙwayar ƙarin jini. Kuɗin goronmu na mako guda ya isa ya kai ta can, har ta sayo wake da zogale.