HAƘƘIN MA'AIKACI A GIDAN JARIDA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, gidan jarida yakan fara ƙarami sa'an nan ya bunƙasa. Kamfanin da ya soma buga Weekly Trust a Kaduna a 1998 shi ne ya fito da Daily Trust a 2001, ya ƙara da Aminiya a 2006. To, samarin Gwandu da Kalgo masu burin kafa nasu gidan labarai su sani cewa ran da ma'aikata suka yawaita, ran nan nauyin da ke wuyan mai gida a gaban Allah ya ƙaru.

Nauyi na farko shi ne zaɓen wanda za a ɗauka. Aya ta 26 ta Suratul Ƙasas ta nuna siffofi biyu da suka sa aka ɗauki Annabi Musa aiki a Madyana, watau ƙarfi da amana. Ƙarfin ɗan jarida shi ne iya bincike da rubutu, amanarsa kuwa ita ce kada ya faɗi abin da bai tabbatar ba, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umurni. Wanda ya miƙa kujerar edita ga ɗan ɗakinsa ko surukinsa alhali ga wanda ya fi shi cancanta, ya tozarta amana. Mutanen ƙasar Gwandu ba baƙi ba ne ga wannan magana, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Liya'ul Hukkami wanda ya wallafa a Kano, ya yi bayanin sharuɗɗan waɗanda shugaba zai naɗa su taimake shi.

Nauyi na biyu, kuma shi ne ya fi tsanani, biyan lada a kan lokaci. Hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito ya yi horo da a sallami ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. Buhari kuma ya ruwaito cewa wanda ya ci moriyar ma'aikaci ya hana shi ladansa yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama.

A dubi wakilin da zai tashi daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi neman labari da kuɗin motarsa, ga wata uku ba albashi, ga iyali a gida. Idan mai mulki ya miƙa masa na goro, da wane baki zai faɗi laifinsa? Lalle karɓar toshiyar baki haramun ce a kansa, amma wanda ya jefa shi cikin yunwa yana da kaso a zunubin. Ta nan ƙarya ke shiga jarida, masu karatu kuwa su haɗiye ta suna zaton gaskiya ce.

Nauyi na uku shi ne adalci wajen hukunci. Kada a kori ma'aikaci a kan tsegumi sai an ji ta bakinsa, kada kuma a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Shi ma ma'aikaci wajibi ne ya cika lokacin da ya yi alkawari, ya tsare asirin wurin aikinsa.

Allah Ya sa a gane, Ya ba da ikon sauke amana, amin.