Yarda ce ko tilas?

Mai karatu, ka ji labarin likita Baleri Poliyakob na Rasha? Daga 1994 zuwa 1995 ya yi kwana 437 cikin kumbon Mir. Can sama babu nauyi. Jini yakan taru a kai da ƙirji, sinadaran da ke tsara ruwan jiki su rikice, jinin ya ragu, zuciya ta yi rauni don rashin aiki. Wasu in sun sauko, tsayuwa kaɗai na sa su jiri.

Ya san haka sarai, ya tafi. Za ka ce jikinsa ne, kuma ya yarda. Ni dai ina shakka. Wanda aka yi shekaru ana horarwa domin wannan tafiya, ran tashi bakinsa na iya cewa a'a?