Wahalar Zaɓi da Wahalar Dole

A Amurka da Turai akwai matasan da kan sayi bas, su cire kujerun baya, su shimfiɗa katifa, su ajiye risho da jarkar ruwa, sannan su kama hanya. Wata da watanni suna yawo daga wannan dutse zuwa wancan, burinsu kawai su hau. Shahararre a cikinsu shi ne Alex Honnold, wanda ya shafe shekaru yana kwana a mota. Ranar 3 ga Yuni, 2017, ya haye El Capitan da ke gandun Yosemite a jihar Kalifoniya, dutse mai tsawon kusan mita 900, babu igiya, cikin ƙasa da awa huɗu.

Idan bidiyon irin waɗannan mutane ya faɗo wayoyinmu a majalisun Unguwar Sarki ko Malali, ba ma ɓata lokaci wajen yanke hukunci: ƙoshi ne ya yi musu yawa. Muna da hujjarmu. Mun san kwanan mota. Direbobin tirela da yaransu a Mararrabar Jos a nan suke kwana, cikin sauro da hayaƙi, haka ma direban da ke jiran lodin asuba a tashar Kawo. Mun kuma san hawan dutse. Kakannin Zazzagawa sun zauna a gindin Turunku da Kufena, domin dutse garkuwa ne ranar da mahara suka taso. Abin da wasu ke yi don nishaɗi, mu dole ce ta koya mana shi.

To, shin ya dace mutum ya je ya nemo wahala da ƙafarsa, alhali wasu na roƙon Allah ya fitar da su daga cikinta?

Amsar tana kusa da mu, domin mu ma muna yin haka duk shekara. Mai azumi da wanda ya rasa abinci, yunwa ɗaya suke ji. Abin da ya raba su biyu ne: mai azumi ya ɗaura niyya, kuma ya san magariba na zuwa. Haka matashin nan mai bas yake. Shi ya zaɓi barin ɗakinsa, kuma ranar da ya gaji yana da gidan komawa. Wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensa a Birnin Gwari ba wanda ya tambaye shi, bai kuma san ranar komawa ba.

Ke nan wahalar zaɓi ba laifi ba ce a kanta. Tana koya wa mutum abin da kwanciya a gida ba ta koyarwa. Wanda duk kayansa suka shige bayan mota ɗaya yakan gane cewa bukatunsa ba su kai yawan son ransa ba. A jikin dutse kuwa, babu mai tambayar ɗan wa kake. Ko ka iya, ko ka sauko.

Amma muna ganin akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, rai amana ne. Yawancin masu hawa biyu-biyu suke yi: ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa riƙe da igiya, yana sassauta ta kaɗan-kaɗan, shirye ya tsuke ta in ƙafa ta zame. Wannan igiya ita ce iyaka tsakanin gwada kai da caca da rai. Muna iya jinjina wa ƙwarewar Honnold, amma ba za mu ce wa ƙannenmu su yi koyi da shi ba, domin mai uwa da 'ya'ya ba shi kaɗai ke da ransa ba.

Na biyu, ya dawo da tausayi. Azumin da bai sa mutum tuna mayunwaci ba, an yi asarar rabin darasinsa. Wanda ya kwana talatin a mota don sha'awa, ya dawo yana yi wa yaron mota kallon banza, hotuna kawai ya samo.

Saura abin da ya fi damunmu. Duwatsu ba su yi mana ƙaranci ba. Daga Kawo zuwa Kufena tafiyar kusan kilomita 80 ce. Ga duwatsun Kajuru da Kagoro, ga Zuma da ke jikin tsohuwar takardar naira 100. Amma wane uba ne a Unguwar Rimi zai bar ɗansa ya kwana a mota a gindin ɗayansu? Mun tuna harin da aka kai masaukin baƙi na Kajuru a Afrilun 2019, da na jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022. Wataƙila dariyar da muke yi wa masu yawon duwatsu akwai ɗan kishi a ciki: su suna da hanyar da za su bi da dare, su tsaya inda suka ga dama.

Sai wanda ya zauna lafiya ke iya zaɓar wahalarsa. Ranar da matasanmu za su ɗauki igiya su kwana a gindin Kufena, iyayensu kuma su yi barci, ranar za mu san hanyoyinmu sun dawo hannunmu.