Mudu Ɗaya Ga Kowane Yaro?

A kasuwar Sheme ta ƙasar Faskari, mudun da aka auna wa attajiri masara da shi za a auna wa talaka. Wanda ya zo da mudu biyu, na saye dabam na sayarwa dabam, kowa ya san sunansa azzalumi. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka horon yara ma haka yake, watau laifi ɗaya, hukunci ɗaya, ko ɗan wane ne. Maganar tana da daɗin ji, akwai kuwa gaskiya a cikinta. Amma ya kamata a juya ta a dubi bayanta.

A ƙasar Amurka akwai masana waɗanda aikinsu ke nan, nazarin ɗabi'a da hanyar gyara ta. Tushen ilminsu shi ne, duk abin da mutum ya riƙa maimaitawa, lalle akwai abin da yake samu a bayansa. Sun fi yin aiki da yara masu galahanga, waɗanda magana kan yi musu nauyi, cuɗanya da mutane kuma ta yi musu wuya. A 1987 ɗaya daga cikinsu, Lovaas, ya ba da labarin yara 19 da aka koyar sa'a 40 kowane mako har shekara biyu ko fiye. Tara daga ciki suka gama aji ɗaya tare da sauran yara. Da labarin ya bazu sai waɗansu suka mai da sa'a 40 mudu, kowane yaro aka kawo a auna masa. Ba su tsaya kan sauran goman ba.

Alhali kuwa tun 1982 wani masani, Iwata, da abokan aikinsa sun gwada yara 9 masu ji wa kansu ciwo, kamar buga kai da cizon hannu. Suka riƙa sauya musu zama suna ƙirga. A shida daga ciki dalilin ya fito fili, kuma ba iri ɗaya ba ne. Wani ya fi yi in an ba shi aiki mai wuya, gama da ya buga kai akan janye aikin. Wani in an bar shi shi kaɗai. Wani kuwa don a juyo a kula shi. To, wanda ke neman a kula shi, in aka yi masa tsawa an biya masa bukata, gobe sai ya ƙara. Wanda ke gudun aiki, in aka fitar da shi waje an ba shi tukuici ke nan.

Ba baƙon abu ba ne wannan a ƙasar Hausa. Manomin Sabuwa da ya taɓa horar da shanun huɗa ya san bijimi biyu daga garke guda, ɗaya sai da lallashi, ɗaya sai an haɗa shi da tsohon sa wanda ya saba. A makarantar allo ma, karatu ɗaya ne ga kowa, amma kowane almajiri da allonsa, ba ya wankewa sai ya iya nasa, ko da wanda suka fara tare ya yi masa nisa.

Sai dai masu son mudu ɗaya suna da hujja mai ƙarfi, ba kuwa daidai ba ne a raina ta. Malamin da ya ce shi ya san halin kowane yaro, wa zai duba shi? Ƙarƙashin wannan magana son kai yakan ɓuya, a sassauta wa ɗan mai unguwa a ce zuciyarsa ba ta son faɗa, a tsananta wa maraya a ce taurin kai gare shi. Ka'ida tsayayya ita ce garkuwar yaron da ba shi da mai tsaya masa.

Masanan da suka ƙware ba su jefar da mudun ba, wurinsa suka sauya. Abin da ke ɗaya ga kowa shi ne awo: a faɗi ɗabi'ar a sarari yadda mutum biyu za su ƙirga su sami adadi guda, a rubuta sau nawa ta auku kafin a fara magani, a rubuta bayan an fara, in ba ta ragu ba a sake dabara. Haka kuma hana cutarwa ɗaya ne ga kowa. Marin cinya da aka yi amfani da shi a gwajin Lovaas an daɗe da barinsa. Maganin kansa kuwa dinki ne, sai an gwada jikin mai riga. Ta haka malamin da ya bambanta tsakanin yara biyu yana da takardar da zai nuna in an tambaye shi dalili.

Gaskiya ne malamin da aji ya cika masa maƙil ba shi da sukunin yi wa kowa haka. Amma galibi yara kaɗan ne ke hana aji zama, su ne kuma bulala ta riga ta gaza a kansu. Takarda guda da fensir sun isa a rubuta yaushe yaro ya yi, me ya auku kafin nan, me ya biyo baya.

A wannan yanki abin ya wuce wasa. Ran 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida, ƙauyuka da yawa na Faskari da Sabuwa kuma sun ga irin wannan tashin hankali. A ce yara biyu sun fice daga aji ba izini. Ɗaya ya je kallon ƙwallo. Ɗaya ƙarar babura ya ji a bayan katanga, ƙafarsa ta tashi kafin hankalinsa. A littafin laifi layi ɗaya za a rubuta musu. In an yi musu bulala shida shida, na farko wataƙila ya daina. Na biyu zai koma gida da abin tsoro biyu, na daji da na aji, ran Litinin kuma da wuya a ga ƙeyarsa.