Idan Maƙwabcinmu Kirista Ya Yi Rashi

Akwai tambayar da ake yawan kawo mana bayan sallar Magariba, wani lokacin kuma a bakin rumfa ana cikin ciniki: idan Kirista ya yi rashi, ya halatta mu je masa ta'aziyya? Idan mun je, me za mu ce? Wasu matasa kuma sukan ƙara da tasu: wai wane irin baƙin ciki ne wannan, gawa na kwance mutane suna waƙa? Amsar ta farkon tana rataye da fahimtar ta ƙarshen, don haka da ita za mu fara.

Wanda ya taɓa wucewa ta gidan makoki a Yelwa ya ga matan zumunta sun zauna sun kewaye matar mamaci, suna buga tulu, suna rera waƙa da Hausa, hawaye na zuba. Ba murna suke yi ba. Aƙidarsu ce cewa Annabi Isa, alaihis salam, ya mutu ya tashi a rana ta uku, kuma wanda ya mutu cikin bangaskiya zai tashi kamar yadda ya tashi. Shi ya sa za ka ji suna cewa wane ya yi barci. Wannan sa rai suna kiransa bege. Mu idan muka ce bege, shauƙin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, muke nufi; su kuwa jiran alkawarin da suka gaskata suke nufi. Waƙar nan addu'a ce, da ita suke tallafe zuciyar da ke neman faɗuwa.

Ba mu tare da su a wannan aƙida, kuma ba ma ɓoyewa. Alƙur'ani ya karantar da mu cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba. To amma saɓanin aƙida abu ɗaya ne, raina hawayen mutum wani abu ne daban. Su ma suna da labarin Annabi Ayuba da haƙurinsa, suna karanta Zabura a kan mamaci, suna jiran ranar hisabi. Mu ma muna da istirja'i da muke yi idan masifa ta sauka, da kyautata zato ga Allah wanda malamai ke kira raja'i. Annabi Yaƙubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, bai yanke ƙauna ba. Manzon Allah ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ashe kuka da sa rai suna zama a zuciya ɗaya, kuma mun san haka tun kafin mu gani a gidan wani.

Abin da ya sa maganar nan ta wuce ta fatawa kawai shi ne tarihin garin nan. Manyanmu ba su manta watan Afrilun 1991 ba, lokacin da rigimar da ta tashi a Tafawa Ɓalewa ta iso cikin Bauchi, aka yi asarar rayuka da dukiya ta kowane ɓangare. Ranar Lahadi 3 ga Yuni 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a mota kusa da majami'u a Yelwa, mutane fiye da goma suka mutu. Ranar 23 ga Satumba na shekarar aka sake kai hari cocin Katolika na St. John. Sai kuma 22 ga Disamba 2014 bam ya tashi a babbar kasuwa, inda mu 'yan kasuwa muke neman abinci, wuta ta ci rumfuna, ba ta tambayi kowa addininsa ba. Mutuwa rigar kowa ce, amma a garin nan mun ga yadda ake ɗinka ta da gangan don a haɗa mu faɗa.

Ku duba abin da ya faru a jihar Kaduna mako biyu bayan harin Yelwa. Ranar 17 ga Yuni 2012 aka kai wa majami'u hari a Zariya da Kaduna, kafin yamma ramuwar gayya ta ɓarke, aka kashe matafiya da masu neman abincinsu waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, har gwamnati ta sa dokar hana fita. Haka baƙin ciki yake: idan bai sami hanyar zuwa ga Allah ba, sai ya nemi wuyan wanda ya fi kusa. Wannan ba halin addini ɗaya ba ne, halin ɗan Adam ne.

A nan ne ya kamata mu gane darajar addu'ar maƙwabcinmu. Addu'ar da kowane Kirista ya haddace tun yana yaro, wadda suke kira Addu'ar Ubangiji, ta ɗaure neman gafararsa da yafe wa wanda ya cuce shi. Uban da aka kashe masa ɗa, ya durƙusa ya miƙa ƙararsa ga Mai hukunci maimakon ya ɗauki adda, wallahi ya tsare ran wani mai shayi ko ɗan acaɓa daga cikinmu, ko da bai san sunansa ba. Haka mu ma, duk ranar da limami ya tsaya a kan gawa ya kira mutane zuwa ga haƙuri, akwai wata mai sayar da doya a kasuwar Muda Lawal da za ta koma gida lafiya. Begensu katanga ce gare mu, haƙurinmu katanga ce gare su. Wanda ya yi wa addu'arsu dariya, katangar gidansa yake rushewa.

To, ya halatta mu je? Malamai da yawa sun halatta, kuma hujja a fili take. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ba ta hana mu kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka faɗa masa ko wane ne sai ya tunatar da su cewa shi ma rai ne. Ya je duba yaron Bayahude da ke masa hidima lokacin da ya kwanta ciwo. Kuma sahabbai na farko, da Makka ta yi musu zafi, wurin sarkin Habasha Kirista suka sami mafaka.

Iyakar ma a fili take. Ba ma shiga ibadarsu, ba ma roƙa wa mamacin gafara, domin aya ta 113 ta Suratut Tauba ta rufe wannan ƙofa. Amma addu'a ga masu rai a buɗe take. Ka je, ka zauna, ka ce: sannu da rashi, Allah ya ba ku haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari. Mai ɗakinka ta aika da ƙwaryar abinci. Idan abokin cinikinka ne kuma kana binsa bashi, ka ɗaga masa ƙafa har ya gama makoki. Abu ɗaya kuma muke roƙo: gidan makoki ba wurin muƙabala ba ne. Kada ka je da wa'azi a baki. Halinka ya isa wa'azi.

Su fa suna zuwa namu. Mun sha ganinsu a kan tabarmar ta'aziyya ranar uku da ranar bakwai, sun cire takalmi, sun yi shiru har a shafa. Ba a san Bahaushe da karɓar gaisuwa ya ƙi mayarwa ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba duk mai rashi haƙuri, ya zaunar da garin Yakubu lafiya. Wallahu a'alam.