Waƙoƙin Kirsimeti da Rediyo Ke Tsallakewa

Tun kafin Nuwamba ya ƙare, gidajen rediyon Amurka da Ingila sukan koma juya wasu 'yan waƙoƙi safe da yamma, har mai sayayya a kanti ya haddace su ba da niyya ba. Ga ta Mariah Carey da ta fito a 1994, wadda sai a 2019 ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard. Ga "Jingle Bells" ta 1857, wadda ko sunan Kirsimeti babu a cikinta, zancen doki ne da ƙanƙara. Duk na annashuwa ne, kuma ba laifi. Amma akwai tsofaffin waƙoƙin bikin da ba kasafai ake saka su ba, don kuwa wanda ya saurare su da kunnen basira sai jikinsa ya yi sanyi. Su ne ke tayar da tambayar da ta shafi kowane mai addini: ranar idi ta masu farin ciki ce kaɗai, ko wanda aka yi wa rasuwa ma yana da rabonsa a cikinta?

Wadda ta fi nauyi a cikinsu ita ce waƙar Coventry, wani birni a tsakiyar Ingila. Asalinta ba a coci aka rera ta ba. A cikin wasan kwaikwayo ta fito, wanda ƙungiyar teloli da masu aske ulun tufafi ke yi a bisa amalanke, a kan titi, lokacin bazara. Wasan yana bin labarin da Matiyu kaɗai ya kawo cikin marubutan Linjila huɗu: Sarki Hirudus ya ji an haifi wani sarki a Baitalami, sai ya ba da umarni a kashe duk ɗa namiji mai shekara biyu zuwa ƙasa. Musulmi zai tuna da Fir'auna da jariran Bani Isra'ila. A wasan, mata uku ne ke shigowa rungume da 'ya'yansu, suna musu waƙar reno, alhali sojoji na bakin ƙofa. Muryar a hankali take tafiya, irin wadda uwa ke lallashin jariri da ita ya yi barci, ga shi kuma duk mai kallo ya san abin da zai biyo baya.

Wani mai suna Robert Croo ne ya rubuta baitocin a takarda a 1534, karin da ake rera ta da shi kuma an rubuta shi a 1591. An hana wasan a 1579, takardar asali ta ƙone a gobarar ɗakin karatu na Birmingham a 1879. Ba don wani mai son kayan tarihi, Thomas Sharp, ya riga ya kwafe ta ya buga ba, da ta tafi ke nan.

Daren 14 ga Nuwamba 1940 jiragen Jamus suka yi wa Coventry ruwan bama-bamai, mutum fiye da 500 suka mutu, babban cocin birnin ya zama kango, sai bango da hasumiya. Makonni shida bayan haka, ranar Kirsimeti, BBC ta watsa shiri daga cikin wannan kangon. Shugaban cocin, Richard Howard, ya roƙi masu sauraro su cire ramuwa daga zukatansu, sannan mawaƙa suka rera waƙar iyayen Baitalami. A ranar nan babu wata waƙar tsalle da shewa da za ta iya shiga kunnen mutanen da suka binne 'yan'uwansu a kabarin bai ɗaya. Waƙar da ta san kukan uwa ita ce ta dace da bakinsu.

Amurka ma tana da tata. Matar mawaƙi Henry Wadsworth Longfellow ta rasu a 1861 bayan wuta ta kama rigarta a gida. Ɗansa Charles ya shiga yaƙin basasa ba da yardar uban ba, aka ji masa mummunan rauni a Nuwamba 1863. Cikin wannan hali Longfellow ya tsara waƙar ƙararrawar Kirsimeti, inda mai magana ya sunkuyar da kai yana ganin salamar da ake shela babu ita a duniya, kafin daga bisani imaninsa ya dawo. Abin lura, baitoci biyu da suka ambaci rugugin igwa da gidajen da yaƙi ya ɗaiɗaita yawanci cire su ake yi in za a rera. Ashe ko waƙar da ta tsira ma sai an rage mata ɗaci kafin a ba ta wuri.

Masu son annashuwa zalla suna da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Mutum ya sha wahalar shekara, ya cancanci kwana biyu na dariya, farin ciki da baiwar Allah kuma shi ma ibada ne. Sai dai kalandar cocin kanta ba ta yarda da murna tsantsa ba. Washegarin Kirsimeti, 26 ga Disamba, ranar tunawa da Istifanas ce, wanda aka jefe da duwatsu har lahira, 28 ga wata kuma ta jariran Baitalami. Waɗanda suka jera ranakun nan sun fahimci cewa labarin haihuwar da kansa akwai gudun hijira zuwa Masar a ciki, akwai sarki mai tsoron jariri. Rediyo kuwa lissafinta daban ne, domin mai talla ba ya son abin da zai sa mai saye ya tsaya tunani.

Hatta "White Christmas", wadda Bing Crosby ya fitar a 1942, akwai kewa a ƙarƙashinta. Irving Berlin da ya rubuta ta ya rasa jaririn ɗansa ranar Kirsimeti ta 1928.

Maganar ba ta tsaya a Turai da Amurka ba. A Madalla ta Jihar Neja, bam ya tashi a cocin St. Theresa da safiyar Kirsimeti ta 2011, gomman masu ibada suka rasa rayukansu, kuma ga iyalansu ranar ba za ta sake zama ta shinkafa da sabon ɗinki kaɗai ba. Haka nan akwai gidajen Musulmi da Sallah ke zuwa ta tarar da su cikin zaman makoki. Addinin da ya ce wa irin waɗannan su jira sai an gama biki kafin a ji kukansu ya ba su rabin gaskiya. Don haka shugabannin mawaƙan coci, da 'yan zumuntar mata, da masu gabatar da shirye-shirye a rediyo, in Disamba ya zo ku ci gaba da kiɗa da guɗa, amma ku ware ko da waƙa ɗaya domin matar da ke zaune a bencin baya, wadda bana ba ta da wanda za ta ɗinka wa kaya.